Dogon da bai ɗauki buhu ko ɗaya ba, amma ya raba unguwa biyu



Na san wani zai ga daga Bonkuku nake rubutu ya yi dariya, ya ce kai da ko kukan jirgin ƙasa ba ka taɓa ji a garinku ba, ina ruwanka da maganar tashar kayan jirgi? Gaskiya ne. A duk faɗin Imanan da ƙasar Kurfai babu ƙarfen dogo ko kamu ɗaya. Abin da muke da shi kwalta ce guda, wadda ta taso daga Yamai ta bi Balayara, ta ratsa mu ta nufi Filinge. A kanta muke rayuwa, a kanta kuma muke binne wasu daga cikinmu.

Sana'ata dankalin turawa. Da sanyi muke noma shi a cikin dallol, inda ruwa ba ya da nisa, daga Janairu kuma a fara tono, a cika buhuna, a ɗora wa manyan motoci sai Yamai. Na san abin da kuɗin mota ke ci a cikin kowane buhu. Na san yadda ake ji in mota ta lalace a hanya, rana ta buɗe, dankali ya fara zufa a cikin buhu kana kallo. Saboda haka in akwai mutumin da zai yi murna da zuwan jirgin kaya ƙasar nan, ni ne. Ku riƙe wannan, don kada a ƙarshe a ce mini ɗan adawa da ci gaba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani a ƙofar gidan yayata.

Tana aure a Yamai, wajen Talaje, ta hanyar filin jirgin sama. Gidanta nake sauka duk lokacin da na kai kaya kasuwar Katako. Da can, daga ƙofar gidanta zuwa bakin kwalta tafiyar minti biyu ce. Mai niƙa, da famfon da suke sayen ruwa, da inda ake tare taksi, duk suna wajen kwaltar. Sai wata shekara na zo na tarar an zuba tsakuwa an yi tudu, an shimfiɗa ƙarafa biyu a kai, sun miƙe iyakar ganinka. Mai ƙafa zai ɗaga zane ya tsallaka. Amma ɗan garuwa da kurarsa, da mai amalanke, da taksi, sai sun bi gefen dogon sun yi ta tafiya har su sami inda aka bar mashiga. Ɗan garuwa kuwa ba ya zagaye kyauta. Kuɗin ruwa ya ƙaru a wannan gefen, bai ƙaru a wancan ba, alhali unguwa ɗaya ce, masallaci ɗaya suke salla.

Akwai daren da ba na mantawa. Ɗiyarta ta fari ta zo goyon ciki, naƙuda ta taso wajen ƙarfe biyu na dare. Na fita da gudu na samo taksi. Direban ya tsaya a wancan gefen ya ce: "Malam, ni nan zan tsaya. In na ce zan zagaya, kafin in zo ta haihu." Mu huɗu muka sa ta cikin bargo muka kama gefe-gefe, muka hau tudun tsakuwar nan cikin duhu, wani yaro yana haska mana da fitilar salula. Ƙafata ta zame a kan ƙarfen, Allah ya sa ban sake bargon ba. Ta sauka lafiya, alhamdu lillahi, yaron yanzu har ya shiga lakwal. Amma a daren nan na tambayi kaina abin da har yau ban sami mai amsa mini ba: wanda ya zana layin nan a takarda, ya taɓa tambayar ta ina mai naƙuda za ta bi?

Da damina ta zo sai wata sabuwa. Ruwan da a da yake gangarawa ya wuce, yanzu ya zo ya iske tudu ya tsaya, ya koma cikin gidaje. Katangar yayata ta laka ce, ta sha ruwa ta zauna. Mijinta da wasu maƙwabta suka je wani ofis, ni ma na raka su sau ɗaya cikin zuwa uku da suka yi. An karɓe mu da mutunci, an ba mu kujera. Amsar dai ita ce: "Baba, ku yi haƙuri, aikin ga ba namu ba ne, daga sama ya zo." Muka ce to mu je ina? Mutumin ya ɗaga kafaɗa. Ban ga laifinsa ba sosai, don na lura shi ma ba a tambaye shi ba.

Ga waɗanda suka manta, ko suna yara a lokacin, bari in tuna yadda aka yi. Ranar 7 ga Afrilu 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Yamai, ta farko a tarihin ƙasar nan. Shugaba Mahamadu Isufu ya gayyato Boni Yayi na Benin da Faure Gnassingbé na Togo. Kamfanin Bolloré na Faransa ne ya ɗauki aikin, da alkawarin zoben dogo da zai haɗa Kwatano, Yamai, Wagadugu da Abijan. Aka shimfiɗa kusan kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, aka ƙaddamar a Janairun 2016, makonni kaɗan kafin zaɓen shugaban ƙasa. Daga Doso layin ya kamata ya bi Gaya ya ƙetare Kwara ya haɗu da tsohon dogon Benin a Paraku. Bai je ba. Wani attajirin Benin, Samuel Dossou, mai kamfanin Petrolin, ya ce shi aka fara bai wa aikin, kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta ba shi gaskiya a 2015, kotun ƙoli ta tabbatar a 2017. Layin da bai kai teku ba kuwa ba ya da abin ɗauka. Haka ƙarafan suka kwanta, awaki suna kiwo a tsakaninsu, mata suna shanya a kai.

A daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019, ana shirin kama azumi, wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama, a bakin wannan dogon kamar yadda rahotannin lokacin suka faɗa. Mutane suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasar man da ke tsiyaya, wuta ta tashi. Fiye da mutum 50 suka rasu nan take, wasu suka cika a asibiti, aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Allah ya jiƙansu. Ba na cewa dogo ne ya kashe su. Abin da nake so a gani shi ne abin da ke faruwa in aka haɗa manyan motocin kaya masu haɗari, da ƙarfen da ya matse hanya, da gidajen talakawa, duk a wuri ɗaya, babu tazara, babu mai tsaro.

Sai bayan juyin mulkin Yuli 2023 aka fara tone wani sashe na ƙarafan da ke cikin birnin. Mutanen unguwa sun yi murna, kuma sun cancanci su yi. Ni dai da na ji, lissafi na yi: kusan shekara goma ana zagaye, ana faɗuwa da babur, ana kwashe ruwa daga ɗaki da kwano, saboda layin da bai taɓa kai buhun gero ko ɗaya kasuwa ba.

To wannan fa dogo ne kawai, babu jirgi. Tashar kaya wani abu ne daban, kuma ita ce ake mana alkawari yanzu.

Yawancinmu in aka ce tashar jirgi, abin da muke hangowa shi ne fasinja da jakarsa, jirgi ya tsaya minti goma ya wuce. Tashar kaya ba ta barci. Fili ne babba mai layuka da yawa jere da juna, inda ake kwance taragu a ware na nan da na can, a sake ɗaura su. Kan jirgi yana turawa yana ja, ƙarfe yana dukan ƙarfe, kuma yawanci da dare ake wannan aiki don da rana layi na masu wucewa ne. Injinan gazuwal suna ta hayaƙi ko a tsaye suke. In dogon jirgi yana shiga ko fita a hankali, sai ya toshe mashigar unguwa, a jira har ya gama. Babban abin kuma da ba a faɗa a ranar yanka kirtani: jirgi ba ya kai kaya ƙofar kanti. Duk tarago ɗaya da aka sauke, babbar mota ce aƙalla guda za ta zo ta kwashe. Jirgi mai tarago arba'in, motoci arba'in ne ko fiye, kuma ba su zuwa a kan lokaci su tafi a kan lokaci. Suna zuwa su kwana, su yi mako suna jiran takardun duwan. Direba da yaran mota suna bukatar abinci, wurin wanka, wurin kewayawa. In ba a tanada ba, bayan katangar mutane za su yi.

Ban karanta wannan a littafi ba kawai, Kawuna ya ba ni. Kamar yawancin samarin Kurfai na zamaninsu, ya yi cin rani a gabar teku, ya kuma yi shekaru yana dako a tashar Paraku. Dogon da ya taso daga Kwatano, kilomita 438, a Paraku ya tsaya tun shekarun 1930, Turawan mulkin mallaka ba su ƙarasa da shi Kwara ba. Daga 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa, wadda daga baya aka sani da OCBN, tana kula da jirgin da kuma motocin da ke kwasar kaya daga Paraku zuwa Nijar ta Malanbil da Gaya. Wato shekara da shekaru, tashar kayan jirgin Nijar a cikin garin wasu take. A da, shinkafarmu, sukarinmu, simintinmu, duk a can ake juye su daga tarago zuwa mota. A lokacin ta nan farar wuta ke bi zuwa ma'adinan Arlit, ta nan kuma gangunan yuraniyom ke saukowa zuwa teku.

Kawu yakan ce Paraku ta ci arzikin tashar nan, kuma ba ƙarya ya yi ba. Zango ya cika da Hausawa da Zabarmawa, masu tuwo, masu faci, masu masauki, dillalai, kowa ya samu. Amma in ka ƙyale shi ya ci gaba, sai ya gangaro kan ɗakin da suke haya a bayan tasha. Ya ce in ana sauke siminti, tuwon da ka bari a buɗe ba ya ciwuwa. Ya ce: "Ɗana, mu da muke dako ana biyanmu mu shaƙi ƙurar. Matar da ke bayan katanga da jaririnta, ita wa ya biya ta?" Tari bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Ban ce daga can ya samo shi ba, ni ba likita ba ne, amma shi haka ya yi imani.

Wannan tambaya tasa ita ce gindin maganata. Riba tana tafiya nesa, ga mai kaya a Yamai, ga baitulmali, ga kamfani a ƙetare. Ƙura da ƙara da haɗari kuwa ba su tafiya ko'ina, a kan gidaje ɗari biyu ko uku da ke jikin katanga suke sauka. Su waɗannan ba su da wanda za su kai wa kuka sai magajin gari, don shi suke iya gani da ido.

Kano ma haka ta faro, sai dai ita ta daɗe har an manta. Dogo ya iso Kano a 1911, kafin a jima gyaɗa ta zama sarauniya, aka riƙa jera buhuna ana yin dalar gyaɗa a bakin tasha suna jiran tarago, zamanin su Alhassan Ɗantata. Sabon Gari ta tashi a gefen tashar, ta cika da ma'aikatan dogo da ƴan kasuwa daga kudu. A lokacin duk wannan bayan gari ne, wajen ganuwa. Yau tsakiyar birni ne. Haka tasha take, ko a daji ka ajiye ta sai gari ya biyo ta, don inda aiki yake nan mutane ke kafa bukka. Saboda haka cewa "ai mun kai ta bayan gari" ba ta isa amsa ba. In ba a shata filin da ba za a gina ba a kewayenta tun farko, aka kuma tsare shi, cikin shekara goma za ka ga makarantar allo a jikin katangar. Waɗanda za su sayar da filayen kuma, mu faɗi gaskiya, sau da yawa da hatimin hukuma za su sayar.

Yanzu ga wani dogon yana tahowa. A Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke aikin, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Ba don fasinja aka fi yin sa ba, don kaya ne, don kayan Nijar su riƙa bi ta Legas. A gefen Najeriya har an buɗe tashoshin tsandauri, ta Dala a Zawaciki a 2023, ta Funtuwa a 2024. Tun da aka rufe iyakar Benin kuma kayanmu suka koma zagayowa ta Lome da Burkina da rakiyar soja, kowa ya ga amfanin samun wata ƙofa. Ana kuma maganar dogon da zai haɗa ƙasashen AES uku. Wata rana, ko ba jima ko ba daɗe, jirgin kaya na gaske zai tsaya a wani gari na ƙasar nan, kuma da alama Maraɗi ce ta farko.

Ƴan uwana na Maraɗi da ƙauyukan wajen Ɗan Isa, ku gemunku ne kusa da wutar. Tambayoyin da ba a yi ba a Yamai, ku yi su yanzu, tun ƙasa tana hannun masu ita. A ina filin tashar zai zauna, gabas da gari ko yamma, ta ina iskar hunturu za ta kwaso ƙurar? Motocin da za su zo kwasar kaya, ta cikin gari za su bi ko za a yi musu hanyarsu? Ina za su kwana? Mashiga nawa aka bari, kuma akwai ta dabbobi, ko burtalin da Fulani ke bi tun kakanni za a datse? Kwalbatoci nawa ne a ƙarƙashin tudun, wa ya auna ruwan da ke bi ta wurin a shekarar da damina ta yi ƙarfi? Wane irin kaya za a ajiye, akwai mai, akwai taki, akwai abin da ke kamawa da wuta? In ya kama, motar kashe gobara mafi kusa tana ina?

Tambayar ƙarshen nan kada a ɗauke ta wasa. A garin Lac-Mégantic na ƙasar Kanada, a Yulin 2013, an ajiye jirgi cike da ɗanyen mai a kan gangare da dare babu kowa a ciki, birki ya saki, ya gangaro tsakiyar gari ya fashe, mutum 47 suka mutu. Ƙasa ce mai kuɗi da dokoki da injiniyoyi. Sai bayan an binne mutane aka amince a karkatar da layin ya bar tsakiyar garin.

Wani zai ce magajin gari ba shi da ƙarfin da zai ja da aikin shugabannin ƙasa. Na yarda ba zai hana dogo wucewa ba, ba ma a so ya hana. Amma ba gaskiya ba ne cewa hannunsa wofi ne. Dokar ƙwace fili don amfanin jama'a, mai lamba 61-37 ta 1961, wadda aka gyara da doka 2008-37, ta ce a yi bincike a saurari jama'a, a biya diyya kafin a tashi mutum. Doka 2018-28 ta wajabta binciken illar babban aiki ga muhalli da mutane, akwai kuma hukumar BNEE da ke duba rahoton, kuma sauraron jama'a yana cikin sharuɗɗan. Tun 1993 muna da dokar karkara da ta kawo kwamitocin filaye, har matakin ƙaramar hukuma da ƙauye, waɗanda za su iya ba manomi takardar shaidar gonarsa. Rabon filayen gini, da wurin tsayuwar motoci, da harajin tasha da kasuwa, duk suna bi ta hannun ma'aikatar magajin gari. Dokoki ba su yi mana kaɗan ba. Abin da ke faruwa shi ne ranar sauraron jama'a sai a tara masu unguwa da wasu dattawa a ƙarƙashin rumfa, a karanta musu takarda da Faransanci, a raba lemo, a ce su sa hannu. Matar da ruwa zai shiga ɗakinta tana gida tana daka, ba ta ma san an yi ba.

Magajin garin da ya san aikinsa zai iya ƙin sa hannu sai an fassara rahoton da Hausa da Zabarmanci an karanta a rediyon gari. Zai iya tura kwamitin filaye ya rubuta gonakin da ke kan layi tun kafin masu awo su iso, don ranar diyya kada a ce wa mutum ina takardarka. Zai iya neman a rubuta yawan mashigai da kwalbatoci a cikin yarjejeniya, da sunan wanda zai gyara su in sun toshe, don alkawarin baki yana tafiya tare da wanda ya yi shi ranar da aka canza masa wurin aiki. Zai iya cewa wani kaso na harajin motocin tasha a unguwar da ke shan ƙurar za a kashe shi, a yi mata famfo da ɗakin shan magani. Ba ko ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar izinin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Akwai dai wata matsala da ba zan tsallake ba. Tun Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. A cikinsu akwai masu ƙoƙari, na ga wasu da idona. Amma kantoma daga sama aka aiko shi, kuma a irin wannan aiki daga sama matsin yake zuwa. Kansilan unguwa, komai lalacewarsa, ya san zai dawo neman ƙuri'a, ya san kuma za a tare shi a wurin jana'iza a tambaye shi. Yanzu da babu shi, nauyin ya dawo kan sarakunan gargajiya, da limamai, da ƙungiyoyin mata da na matasa, da shafuka irin wannan. In ba mu tambaya ba, babu wanda aka ajiye don ya tambaya a madadinmu.

Na ji masu cewa yanzu ba lokacin wannan magana ba ne, muna fama da rashin tsaro, mutanen ƙauyukan arewacin Filinge sun bar gidajensu, wa ke ta kwalbati? Wallahi na fahimta, ni ma ina da dangi a cikin waɗanda suka gudo. Amma ku duba inda ƴan gudun hijira ke sauka in sun iso birni. Bakin gari suke zama, inda fili ke da araha, inda babu mai takarda. Daidai wuraren da ake zaɓa a kafa tasha ke nan. Wanda aka kora daga ƙauyensa da bindiga, shi za a sake tasa da katafila, kuma shi ne ba zai sami diyya ba don ba shi da shaidar komai.

Bari in dawo gida, don kada in yi ta nuna wa wasu yatsa.

Mu ma a Bonkuku muna da tamu tashar kayan, ƙarama, ba ta da dogo ba ta da suna. Duk wanda ya zo garin nan tsakanin Janairu da Maris ya gan ta. Motoci suna jere a bakin kwalta, amalanken shanu da na jakai suna fitowa daga garake da buhuna, ƴan dako suna lodi, dillalai suna ciniki a tsakiyar hanya. Mota mai zuwa daga Filinge ba ta ganin yaron da zai fito daga bayan wadda ke tsaye. Injin yana kunne tun magariba har a gama lodi, masu gidan da ke wurin su rufe taga su kwana cikin zafi. Dankalin da ya ruɓe a nan ake juye shi, ƙuda su taru. Ni da ke wannan rubutu, motar da na yi haya ta sha tsayawa a ƙofar gidan wata tsohuwa. Wata safiya ta fito da tsintsiya tana share ɓawon rake da ledojin da yaran mota suka bari, ta dube ni ta ce: "Ɗan nan, kai ka kai naka Yamai ka sayar, ni kuma wanga nawa ne?" Na ba ta jika ɗaya don kunya. Ta karɓa, amma ni da ita mun san ba amsar ke nan ba.

Ashe abin da kamfani ya yi wa yayata, shi nake yi wa tsohuwar nan, girman ne kawai ya bambanta. Shi ya sa nake ganin a nan ya kamata mu fara koyo. Garin da ya iya tsara inda mota goma za su yi lodin dankali, ya san abin da zai tambaya ranar da aka zo masa da taswirar tarago ɗari.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Kafin tonon baɗi, ƙungiyoyin manoman dankali, da masu motoci, da masu gidajen bakin hanya, da mai martaba sarkin Imanan, da hukumar gari, a zauna a fitar da fili guda a gefen gari, nesa da lakwal, a rubuta shi a kwamitin filaye da sunan jama'a don kada gobe wani ya ce gonar kakansa ce. A yi rumfa ko ta zana ce don buhuna su bar kwana a rana, a haƙa masai, a ware ramin zuba ruɓaɓɓe. Abin da ake karɓa a kan kowace mota a rubuta shi a allo inda kowa zai gani, a kuma faɗi abin da aka yi da shi a ƙarshen kaka. A zaman nan a kira matan da ke gidajen bakin kwalta, su da kansu, kada a ce mazansu sun wakilce su, don su ke shara.

Na riga na yi magana da mutum shida cikin masu lodi tare da ni. Huɗu sun yarda, ɗaya ya ce sai ya ga an fara, ɗaya kuma ya ce in aka matsa da wurin lodi kuɗin amalanke zai ƙaru, wa zai biya? Tambaya ce mai kyau, kuma ban da cikakkiyar amsarta tukuna. Ina ganin mu masu kaya ya kamata mu ɗauka, ko da dala biyar-biyar ce a kan buhu. Wanda ke da wata dabara, musamman ƴan uwa na Balayara da suka saba da cunkoson kasuwar Lahadi, da na Maraɗi da abin ya fi kusa da su, ya rubuta a ƙasa. Ranar Juma'a bayan an sauko za mu sake zama a garkar Kawu, ƙofa a buɗe take.